Yadda Ake Ratsa Hamadar Muritaniya a Fito Lafiya

Duk wanda ya zauna gaban malamai ya taɓa jin an ambaci wani shehi ana masa laƙabi da Asshinƙiɗi. Laƙabin daga wani ɗan gari ya samo asali, Shingiti, can tsakiyar hamadar Muritaniya, garin da rairayi ke ta cin gefensa a hankali. Masu jin sunan suna da yawa, waɗanda suka taka wurin kaɗan ne. Faɗin ƙasar ya ɗara murabba'in kilomita miliyan ɗaya, mutanenta wajen miliyan biyar ne, kuma kusan kashi tara cikin goma na ƙasar hamada ce. Idan ka ƙudiri aniyar zuwa, ka riƙe wannan tun yanzu: a cikin gari ake gama shirin hamada. Da zarar mota ta sauka daga kwalta, abin da ka ɗauko shi ne naka, abin da ka manta kuwa ba kanti a gaba.

Da farko, lokaci

Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Maris ma ana lallaɓawa, amma iska mai ƙura ta fara yawa. Daga Mayu zuwa Satumba zafin rana a yankin Adrar, inda Shingiti take, kan haura digiri 45, kuma a wannan zafin kuskure ɗaya ya isa. Gaskiya ne a watannin Yuli da Agusta mutanen ƙasar kan kwarara zuwa dausayoyi don cin ɗanyen dabino, lokacin da suke kira getna, to amma wannan harkar 'yan gida ce da suka saba. Baƙon da bai taɓa kwana a hamada ba ya bari sai sanyi.

Sanyin kuma ba na wasa ba ne. A Disamba da Janairu rana na da daɗi, dare kuwa kan sauko ƙasa da digiri 10, wani lokaci ya kusa daskarewa a kan tudu. Ka kuma duba kalanda: a shekarun nan azumi na faɗowa kusa da ƙarshen wannan lokaci, direba da jagora masu azumi kuwa ba za ka ɗora musu tafiyar yini cur ba.

Takardu, musamman wata 'yar takarda guda

Muritaniya ta fice daga ƙungiyar ECOWAS tun shekarar 2000, saboda haka kada ka ɗauka fasfon yammacin Afirka kaɗai ya wadatar. 'Yan wasu ƙasashe maƙwabta ba sa buƙatar biza, saura kuwa sai da ita, kuma tun farkon 2025 ta intanet ake nema kafin a taso. Ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu ka ji matsayin fasfonka, ka buga takardar amincewar a kan takarda, kada ka bar ta a waya kawai. Ka riƙe katin rigakafin cutar shawara idan daga ƙasar da cutar take ka fito.

Sai takardar da jandarmomi ke kira fiche da Faransanci. A duk manyan hanyoyin ƙasar akwai shingaye, kuma a kowanne za a buƙaci bayanan baƙo. Wanda ba shi da ita sai ya sauko a kwafe fasfonsa da hannu cikin littafi, motar duka tana jiransa. Kai kuwa ka rubuta a shafi ɗaya: cikakken suna, ranar haihuwa da wurinta, ƙasa, sana'a, lambar fasfo da ranar ƙarewarsa, lambar biza, ranar shigowa, inda ka fito da inda ka nufa. Ka haɗa da hoton shafin fasfo, ka buga kwafi talatin. Ana tsayar da ku ka miƙa ɗaya ta taga, a ɗaga muku hannu. Kada ka ji haushin shingayen nan. Idan ka ɓata, takardar ƙarshe da ka miƙa ita ce za ta nuna daga ina za a fara nemanka.

Kuɗi da waya

Kuɗin ƙasar ugiya ne. A farkon 2018 aka cire masa sifili ɗaya, wato tsohuwar ugiya goma ta koma sabuwa ɗaya, amma har gobe mutane da yawa da tsohon lissafi suke faɗin farashi. Idan mai shago ya ce dubu, yana iya nufin ɗari. Kafin ka zaro kuɗi ka tambaya: jadida ko ƙadima, sabuwa ko tsohuwa? Ka zo da yuro a hannu, ka canza a Nuwakshot, babban birnin ƙasar, ka nemi ƙananan takardu masu yawa, don bayan garin Atar ba a dogara da na'urar cirar kuɗi, canji ma wuya yake.

Ka sayi layin waya a babban birnin, Mauritel ko Mattel ko Chinguitel, da fasfonka. A cikin garuruwa zai yi aiki. Kilomita kaɗan bayan gari shiru kake ji. Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana da intanet.

Zuwa Atar

Atar ita ce ƙofar Adrar, wajen kilomita 440 arewa maso gabas da Nuwakshot, kwalta ce har can, ta ratsa Akjujat garin haƙar tagulla. Ƙananan bas-bas na tashi da safe, tafiyar awa shida ce ko bakwai har da tsayawar sallah da shayi. Ka kama kujera tun jajibere. Kada ka yarda da tafiyar dare a wannan hanya: raƙuma na kwanciya a kan kwalta, rairayi kuma na hawa gefenta.

Ka ba Atar kwana biyu. Ba don kallo ba, ko da yake Azugi, tsohon sansanin daular Musulunci ta Murabiɗai na ƙarni na 11, yana nan kusa kuma ya cancanci yammaci guda. Kwana biyun na zaɓen mutum ne da sayen guzuri.

Jagora: nan ne tafiyar take

Na'urar nuna hanya tana gaya maka inda kake. Ba ta gaya maka rijiyar da ta ƙafe bana, ko kwarin da yashinsa ke haɗiye mota, ko tantin makiyayan da ya fi kusa. Wannan aikin ɗan ƙasa ne, kuma ba kowane mai rawani da motar Hilux ba ne ya san shi.

Ka tambayi masu masauki biyu ko uku dabam-dabam, ka ga sunan wa ke maimaituwa. Idan kun zauna, kada ka fara da farashi. Ka sa shi ya faɗa maka hanyar kwana bayan kwana: ina za a yi zango, ina ake ƙara ruwa, awa nawa tsakanin wuri da wuri. Wanda ya san hanya zai ambaci sunayen rijiyoyi da kwaruruka, zai ma hana ka wani abin da ka so. Wanda duk abin da ka ce sai ya ce "ba matsala", wannan ka gode masa ka tashi. Ka tambaye shi ko yana da wayar tauraron ɗan'adam, kuma ka ce ya kunna ta a gabanka. Ka je ka ga motar da idonka: tayoyin safaya biyu, jak, shebur, famfon ba taya iska, farantan ƙarfen da ake shimfiɗa wa taya, igiyar ja, jarkokin mai.

Sannan ku rubuta yarjejeniya ko da a fallen takarda ne. Kwana nawa, wa ke sayen mai, wa ke sayen abinci da ruwa, kuɗin shiga ɗakunan littattafai a kan wa yake, me zai faru idan mota ta lalace aka ƙara kwana. Ka ba da rabi, rabi sai an dawo. Hassaniyya ce harshen yankin, mai Larabcin makaranta zai fahimci kaso mai kyau idan an yi a hankali, Faransanci kuma na aiki sosai.

Jagora na gari shi ne kuma zai tsaya maka a kan iyakar da ba a ƙetarewa. A Disambar 2007 an kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido kusa da Aleg, abin da ya sa aka soke tseren motocin Dakar na 2008, baƙi suka ɗauke ƙafa shekaru. Ƙasar ta tsananta tsaro daga baya, har jiragen baƙi suka koma sauka Atar a ƙarshen 2017. Adrar ta zauna lafiya, amma can arewa maso gabas yankin soja ne da aka hana farar hula shiga, iyakar Mali kuma ba wurin yawo ba ce. Kafin ku fita ku bar wa jandarmomi da mai masaukinka hanyar da za ku bi da ranar dawowa.

Ruwa, da lissafinsa

Ka yi lissafin ruwa da biro, kada ka bar shi ga "ai zai isa". Mutum ɗaya a lokacin sanyi: lita biyar zuwa shida na sha a rana, lita biyu na girki da shayi. A ce takwas. Ku huɗu ne har da direba, kwana biyar: lita 160. Ka ƙara na kwana biyu don abin da ba a sani ba, lita 64. Jimla 224. Za ka ga kamar ya yi yawa, har sai ranar da radiyeta ta fara ɗiga. Kada a zuba shi a mazubi ɗaya. A rarraba a jarkoki da yawa, don in ɗaya ta huje ba a yi asarar duka ba. Idan jagoranka yana da salkar fatar akuya da yake ratayewa a jikin mota, ka bar shi, ruwanta ya fi na jarka sanyi.

A hamada gumi na bushewa kafin ka gan shi, shi ya sa mutum ke ƙafewa bai sani ba. Kada ka jira ƙishirwa. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, ka kuma duba fitsarinka: in ya yi ja ko ya ragu ƙwarai, kana baya. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti, in babu ka haɗa da kanka, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Wanda ya fara surutai marasa kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, a juya mota zuwa gari nan take. Wanka kuwa ka manta da shi sai an isa dausayi. Inda ruwa ya yi ƙaranci taimama na nan, kuma ba inda ya kai nan yashi mai tsarki.

Sauran kaya ba su da yawa. Rawani mai tsawon mita uku zuwa biyar, wanda suke kira hawli, ka saya a kasuwar Atar ka sa a koya maka naɗin da ke rufe hanci da baki. Ya fi hula da takunkumi a haɗe. Tufafi masu faɗi da dogon hannu, rigar sanyi mai kauri, jakar barci ko bargo biyu, rufaffen takalmi saboda ƙaya da ƙarangiya, tabarau, man leɓe, tocila ta goshi, batirin cajin waya, maganin gudawa da na ciwon kai da duk wanda kake sha kullum har da rara. Waya da kyamara a saka su a leda mai zif, don rairayin nan ba ramin da ba ya shiga. Giya haramun ce a dokar ƙasar, kada a shigo da ita ko a ɓoye.

Mota ko raƙumi

Idan mota ce, biyu sun fi ɗaya, musamman in za a yi nisa da hanyar da aka saba bi. Ko ba kai ke tuƙi ba, ka san abin da ya kamata direba ya yi. Kafin a shiga yashi mai laushi ana rage iskar taya, daga wajen 35 a ma'aunin masu faci zuwa 18 ko 20, don tayar ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta yanka shi. An fito kan duwatsu a mayar da iskar, in ba haka ba dutse ya yaga gefen taya. Da sassafe yashi ya fi tauri, saboda haka jigayi masu wuya da safe ake ratsa su. Ba a taka birki da ƙarfi, ba a juya sitiyari a fizge, ba a kuma bin gefen tudu a karkace. Tudun rairayi fuska biyu gare shi: wadda iska ke bugawa mai sauƙin hawa ce, bayanta kuwa gangare ne tsaye. Direban kirki kan tsaya a ƙoli, ya sauka ya leƙa. Mota ta kafe, a ɗaga ƙafa daga totur nan da nan, don kowane juyin taya ƙara haƙa rami yake. A sauko, a tone gaban tayoyi huɗun, a shimfiɗa faranti, a tura. A yashi mota kan sha mai fiye da na kwalta nesa ba kusa ba, wani lokaci kusan ninki, a lissafa da wannan.

Ni dai in da lokaci, raƙumi nake ba mutum shawara, ko na kwana uku ne. Sai dai ka sani yawanci raƙuman kaya suke ɗauka, kai da ƙafa za ka bi, kilomita 15 zuwa 20 a rana. Ana tashi bayan asuba, a yada zango ƙarƙashin farar ƙaya kafin rana ta take, a sake ɗaura kaya da la'asar sakaliya. In ka hau, ka riƙe sirdi da kyau ka jingina baya, don da ƙafafun baya raƙumi ke fara miƙewa.

Inda za a bi

Tirjit na kudu da Atar, wajen kilomita 45: wani tsagi ne tsakanin duwatsu, ruwa na ɗiga daga jikin dutse, dabino ya yi rumfa. Da shi ya kamata a fara ko a ƙare.

Shingiti na gabas, wajen kilomita 85, ana haura tudun Adrar kafin a kai. Tun ƙarni na 13 garin ya zama zangon fatake da matattarar ayarin alhazai. Tsohon masallacinsa na dutse ne ba siminti, hasumiyarsa mai kusurwa huɗu da siffar ƙwan jimina biyar a samanta. Wanda ba Musulmi ba daga waje yake kallo. Ɗakunan littattafan garin na iyalai ne, gado kaka da kakanni, cike da rubutun hannu na fiƙihu da nahawu da ilmin taurari. Mai ɗakin ne zai ɗauko ya buɗe, kai kada ka taɓa, takardun sun yi rauni. Ka ba da abin da aka yanka na shiga, ka ƙara in kana da hali, da shi ake kare su daga gara da ƙura. A 1996 hukumar UNESCO ta sa Shingiti da Wadan da Tishit da Walata cikin kayan tarihin duniya.

Daga Shingiti zuwa Wadan ta cikin rairayi, a ratsa ɗan dausayin Tanushart, ita ce hanyar da ta fi kyau kuma ta fi cin mota. Tsohon garin Wadan kango ne a jikin tudu. Gaba kaɗan sai Rishat, da'irorin duwatsu masu faɗin kusan kilomita 40 da ake kira idon Sahara. Gara in faɗa maka tun yanzu: daga sama ne yake ido, a ƙasa tuddai ne kawai a jere. An taɓa zaton dutse ne ya faɗo daga sama, daga baya masana suka gano ƙasa ce ta kumbura zaizaya ta fere ta.

A zango

Kada a kafa tanti a tsakiyar busasshen kwari. Ruwa kan zuba a wani wuri mai nisa, ambaliya ta iso cikin dare. A nemi bayan tudu inda iska ba ta bugawa, nesa da tarin duwatsu da gindin ciyawa, maɓoyar kunama da kububuwa. Da safe ka kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa. In za ka zaga da dare ka bar fitila a kunne a zango, don tuddan nan duk kamarsu ɗaya cikin duhu.

Za a gasa muku burodi a cikin yashi ƙarƙashin garwashi, a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miya. In kun biya ta tantin makiyaya za a miƙo zirig, nonon raƙumi ko na akuya da aka sirka da ruwa da sukari, sai shayi kofi uku mai kumfa. Ba a tashi bayan na farko, ko da awa guda zai ci. Ka riƙe ganyen shayi da sukari a matsayin tsaraba, sun fi kuɗi mutunci a wurin. Kada ka ɗaga kyamara kan mata sai da izini, kan soja da shinge kuwa ko da izini ka haƙura.

Idan mota ta mutu ko kun ɓata, ku zauna wurin motar. Mai nema ya fi saurin ganin mota fiye da mutum, kuma ruwan yana wurinta. A ɗaura bargo a yi inuwa, a daina motsi da rana, a kira ta wayar tauraro a karanto lambobin wurin. In ta kama a ƙona tayar safaya da rana, bayan an sace iskarta, baƙin hayaƙinta ana hango shi daga nesa.

Fita ta jirgin tama

Mai son ƙarasawa bakin teku na iya bin jirgin ƙasan kamfanin SNIM, wanda tun 1963 yake jigilar tama daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, kilomita 704. Tsawonsa kan haura kilomita biyu, tarago wajen 200. Daga Atar ana hawa mota zuwa Shum, a jira shi. Yawanci da yamma ko dare yake isowa, ba shi da takamaiman lokaci, kuma tsayuwarsa gajeriya ce. Kusa da Shum ne Faransawa suka taɓa huda dutse kusan kilomita biyu don kada dogon ya taka yankin da Sifaniya ke mulka a lokacin, ramin da yanzu an daina bi.

Hotunan mutane zaune kan tulin tama su suka yi wa jirgin suna, amma kamfanin bai ɗauki waɗannan tarago wurin fasinja ba, kuma an tsananta hana baƙi hawansu a 'yan shekarun nan. Ka tambayi jami'an tashar, ka nemi taragon fasinja da ake maƙalawa a ƙarshe. Ko a nan ɗin ka shirya wa awa goma sha biyu ko fiye: ruwa, abinci, bargo, rawani a fuska, tabarau mai rufe ido ruf saboda ƙurar ƙarfe. Jirgin na fizga da ƙarfi idan zai tashi ko zai tsaya, kada ka tsaya ba riƙo. In ya tsaya a daji kada ka yi nisa, kuma kada ka taka arewacin dogo, akwai ragowar nakiyoyin da aka binne tun yaƙin Yammacin Sahara na shekarun 1970. Dutsen Bin Amira, curi guda mai tsayin sama da mita 600, yana gefen hanyar, in an dace da farin wata za ka ga inuwarsa.

Tashar Nuwadibu tana wajen gari, motocin haya na jira a bakin dogo. Ka ware kaya guda masu tsabta a ƙulle cikin leda tun daga Atar, don waɗanda ka kwana da su a jirgi sai an yi musu wanki biyu ko uku kafin jan ƙurar ta fita.